Gidan dattawanmu: mu sayi fili a Imota ko Epe, ko mu matsu a Agege?

Mai_Albasa_Mile12:

Assalamu alaikum 'yan uwa, ya kasuwa ya ruwa. Dan Allah shawara nake nema, kuma duk wanda ya san kan abin ya faɗa min tsakaninsa da Allah kar ya ji nauyina.

Mu wata 'yar ƙungiya ce, yawancinmu 'yan gwari ne a kasuwar Mile 12 ta Legas sai wasu 'yan uwa masu harkar shanu a Oko-Oba, shekara 6 kenan muna tara kuɗi duk ƙarshen wata saboda dattawanmu. Duk mazaunin Legas ya san irin dattawan da nake nufi, mutum ya zo Ikko tun yana saurayi, wani ma tun zamanin Gowon, ya yi dako ya yi gadi ya tura ruwa, yanzu ƙarfi ya ƙare, gidan da yake gadi an sayar ko kuma 'ya'yan mai gidan sun kawo masu yunifom na kamfani, shikenan kwana ya koma barandar masallaci ko rumfar wani bayan an tashi kasuwa. Waɗanda muka sani ido da ido su 14 ne, maza 11 mata 3. A daminar bara ɗaya daga cikinsu ya zame a banɗakin haya da asuba ya karye a ƙugu, sai da gari ya waye sosai aka ganshi, wallahi tun ranar maganar gina musu wuri ta daina zama hira.

To yanzu kuɗi sun ɗan taru kuma wurare uku ne a gabanmu. Akwai fili fuloti 4 a wajen Imota, ka wuce garin kaɗan ka sauka daga titin Itoikin ka shiga ciki, araha ne sosai har za mu iya fara gini da ragowar. Akwai fuloti 2 a Epe. Sai wani tsohon gida a Agege irin mai ɗakuna suna kallon juna ɗin nan, fes-mi-ai-fes-yu, ɗaki 8 a kan rabin fuloti, rufin ya mutu, kuma shi kaɗai zai lashe kusan duk abin da muka tara.

Alhajin da ya fi kowa zuba kuɗi a cikinmu Imota yake so, yace tsoho iska yake buƙata da shiru, a yi musu masallaci da ɗan lambu su yi kiwon kaji, kuma yace ai tun lokacin gwamna Ambode gwamnati ke cewa can za a mayar da kasuwar Mile 12, ga kamfanin shinkafar da Buhari ya buɗe a 2023, wato gari ne mai tasowa. Matasan cikinmu kuma Epe suke so saboda tunda matatar Dangote ta zo Ibeju-Lekki fili a wannan yankin kullum tashi yake. Ni kam kaina ya rabu biyu, idan naje Imota na ga filin sai naji daɗi, idan na dawo na ga Baba yana zaune a bencin mai shayi ana ta gaisheshi sai jikina ya yi sanyi. Me kuka gani?

DanBirni77:

Wa alaikumussalam. Ni gaskiya Malam tun daga tushe ban yarda da abin ba, gidan tsofaffi kuma? yaushe muka fara wannan? ai wannan dabi'ar turawa ce da suke kai iyayensu su ajiye kamar kaya. Kudin da zaku sa a bulo da siminti ku basu kudin mota da dan jari kowa ya koma garinsu cikin danginsa, ko ba komai idan ta Allah ta kasance a binneshi kusa da iyayensa. Allah ya baku ladan niyya amma ku sake tunani.

Mai_Albasa_Mile12:

Ɗan uwa mun gwada wallahi. Mutum 3 muka sa a mota da kuɗi a hannu, biyu sun dawo kafin wata 4. Ɗaya yace ya tarar gidansu an raba gado tun shekaru, waɗanda suka sanshi duk sun rasu, jikokin ƙaninsa suna kallonsa kamar baƙo. Mutumin da ya yi shekara 50 a nan ina ne garinsu? Kuma ba iyayen wani za mu karɓa ba, waɗannan ba su da mai ɗaukarsu ne.

Safiyo_Ogba:

Salam. Malam mai albasa Allah ya saka muku da alheri. Ni aikin awon fili nake yi a nan Legas, bari in yi magana a kan abin da na sani, sauran na bar wa masu shi.

Na farko kar ku biya ko sisi, ko da sunan kafin alƙalami ne, sai kun kai safiyonku na kanku, ba wanda mai filin ya kawo ba, ya ɗauki lambobin kusurwoyin filin a kai ofishin babban safiyo na jiha a Alausa a duba a taswirar gwamnati. Dalili, tun dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna, kuma a yankin Ikorodu zuwa Epe akwai wurare masu yawa da gwamnati ta riga ta sa hannu a kai. Wani wurin an yanke wa ƙauyen wani ɓangare an mayar musu an buga a gazet, wannan ana iya saya a nemi takarda. Wani kuma an ware shi ne don wani aiki, titi ko gona ko rukunin gidaje, wannan ko shekara 20 ka yi a ciki ranar da aka tashi katafila ce za ta tasheka. Idan kaji mai fili yace "ana kan aikin takardar, ta kusa fitowa" to ka riƙe kuɗinka. Araha ba ta ado, fuloti 4 da har za a samu ragowar gini ni tun daga nan na fara zargi.

Sai omo onile, wato 'yan gidan da ke cewa filin na kakanninsu ne. Eh akwai dokar 2016 da ta haramta ƙwacen fili da karɓar kuɗi da ƙarfi a wurin gini, amma wanda ya taɓa sauke yashi a bayan gari ya san yadda ake yi, kuɗin tushe daban na rufi daban, har na haƙa rijiya. Kuma ku tabbatar shugaban dangin da manyan gidan duk sun sa hannu a gaban lauya, don fili ɗaya a sayar wa mutum uku ba labari bane a nan. Wani abu kuma da ƙungiyoyinmu ke sakaci da shi, kar a rubuta filin da sunan Alhaji komai kirkinsa. Ku yi rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a saya da sunan ƙungiya, a kuma rubuta takardar waƙafi da shaidu. Yau Alhaji na da rai, gobe magada ne za su zo da lauyansu.

Na biyu ruwa. Yaushe kuka je ganin filin? Idan da rani ne to ba ku ga komai ba. Fili a Legas a watan Yuni ko Yuli ake dubashi, washegarin ruwa mai ƙarfi, sannan a sake komawa a Oktoba. Ku kalli katangun maƙwabta akwai layin da ruwa ke bari, ku kalli irin ciyawar wurin, idan kun ga gidajen gefe duk an ɗaga tushensu sama sosai to ba ado suke yi ba. Ƙasar fadama cikon yashi da irin tushen da za ta buƙata sai su ci kuɗin da ya fi na filin. Yankin Imota akwai tudu mai jar ƙasa mai kyau akwai kuma gangare, Epe ma haka, wajen bakin ruwa bohol ɗin wani sai ka ga ruwan ya yi ja yana ƙarnin ƙarfe dole sai an sa masa abin tacewa. Kuma ku da ke Mile 12 ba sai an faɗa muku ba, idan aka saki ruwan dam ɗin Oyan kun san yadda Agiliti da Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu ke komawa, a 2010 har Agbowa aka kwashe mutane aka kai sansani. Wato ko filin bai ci ruwa ba hanyar da za ku bi ku je wajensu tana iya ci.

Ku duba sama ku duba ƙasa kuma, babbar wayar wuta da bututun mai. Wanda ya ga Abule Egba a 2006 ko Ijegun a 2008 ba zai kwantar da tsoho kusa da bututu ba ko kyauta aka bashi. Fuloti a nan yawanci ƙafa 60 ne da 120, ba 50 da 100 irin na gida ba, ku sa a auna a gabanku don ana cin mutane a nan ma.

Shi ma gidan Agege ba tsira ya yi ba fa, tsohon gida irin wannan kusan kullum na gado ne, magada 15 wani yana Ingila wani baya magana da wani. Amma matsalarsa irin wadda lauya ke iya gani ne a takarda kafin a biya.

Nas_Maman_Biyu:

Assalamu alaikum. Yaya mai albasa sannunku da ƙoƙari, Allah ya sa a mizani. Na karanta bayanin Malam safiyo kuma duk gaskiya ne, amma ko takardun Imota sun fito fes kamar madara ni dai bazan ba da shawarar can ba, kuma zan faɗi dalili.

Ku da kuke da mota kuna auna wuri da minti nawa ne a mota. Tsoho da sanda yake awo. Ku tambayi kanku daga ƙofar ɗakinsa taku nawa ne zuwa masallacin da ake jam'i sau biyar, ba wanda za ku gina su 11 su riƙa kallon juna ba, masallaci mai mutane wanda idan ba a ganshi a asuba ba wani zai leƙo. Taku nawa zuwa mai shayi, zuwa kemis, zuwa inda zai zauna ya ga ana wucewa ana "sannu Baba". Waɗannan bayin Allah fa yawancinsu ba fansho suke da shi ba, abin da suke ci daga gaisuwar nan yake fitowa, wannan ya miƙa ɗari biyu wancan ya aiko da kwanon tuwo, mai nama ya san nasu mai kunu ta san nasu. Ranar da kuka kaisu bayan Imota duk wannan ya yanke, cinsu da shansu da sabulunsu ya dawo wuyan ƙungiya ɗari bisa ɗari, kun lissafa wannan a cikin arahar filin?

Kakana muka yi wa haka shi yasa abin ke min zafi. Kawuna ya gina gida mai kyau a can cikin wani sabon wuri bayan Ikorodu, ya ɗauko tsohon daga ɗakinsa na Idi-Araba da ya yi shekara 40 a ciki, ɗaki da fanka da banɗaki a ciki har da talabijin. Wata 2 bai cika ba mutumin da ke zuba labari har a gaji ya koma sai a yini bai ce uffan ba, abinci sai an yi da gaske, maƙwabta duk Yarbawa ne ma'aikata sun fita tun asuba sai dare, shi kuma ba abokin hira ba masallacin da ƙafarsa za ta kai. Rannan aka nemeshi aka rasa, ashe ya fita ne wai zai taka ya je Idi-Araba. Wani mai Keke Marwa, wato adaidaita sahu, ne Allah ya haɗashi da shi. Mun mayar da shi tsohon ɗakinsa mai zafi da sauro, cikin sati ya dawo da surutunsa har da faɗa.

Sai asibiti. Cikin mutum 14 masu wannan shekarun ina tabbatar muku akwai hawan jini akwai suga akwai masu matsalar fitsari, ko an auna ko ba a auna ba. Shanyewar ɓarin jiki kuma ba ta jiran gari ya waye, awannin farko su ne komai. Kar ku tambayi dillali "akwai asibiti kusa?" zai ce akwai. Ku je da kanku ƙarfe 2 na dare ku tsaya a bakin filin ku ga ko za ku samu abin hawa, sannan ku sake gwadawa da safiyar Litinin cikin gosulo da manyan motocin titin Itoikin. Ƙaramin asibiti na unguwa shi ne na kullum, awon jini da karɓar magani, shi ake so a iya takawa. Babba kuma a san hanyarsa. A Agege kuna da babban asibitin Orile Agege, asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja ba nisa, ga jirgin ƙasa na Red Line yana tsayawa a Agege tun 2024 ga wanda zai zo dubiya. Epe akwai babban asibiti a garin ban musa ba, amma ku 'yan Mile 12 da kuke fita tun kafin asuba saboda motocin kaya, tsakani da Allah sau nawa za ku je Epe a wata? Watan farko kowa zai je har da hotuna. Na shida fa?

Kuma dan Allah matan nan 3 kar a manta da su a lissafi, tsohuwa tana buƙatar mace kusa da ita mai taimaka mata da wanka da sauransu, a cikin unguwa ana samun maƙwabciya da za ta yi don Allah ko don ɗan abin hasafi, a daji wa za ku samu?

Idan kun ɗauki gidan Agege, ƙasa kawai banda bene, a cire dokin ƙofa masu tsayi, banɗaki na zama da ƙarfen riƙewa a bango, kar a sa tayil mai santsi ko an baku kyauta, fitila mai sola a hanyar banɗaki don yawancin faɗuwa da dare ne. Ku yi musu katin shaidar zaman Legas na LASRRA ku sa su a inshorar lafiya ta jiha Ilera Eko tun kafin ciwo ya zo. Su kuma masu cewa Epe fili zai yi tsada nan gaba, to gidan dattawa za ku yi ko kasuwancin fili? in kasuwanci ne a fito a faɗa.

Ɗan_Sabo_Ikd:

Hajiya nas kin gama magana. Ni abin da zan ƙara, kun tsaya tsakanin daji da Agege kamar babu na uku. Me ya hana ku duba cikin garin Ikorodu kanta, wajen Sabo? Mu nan akwai 'yan uwa da yawa, ga kasuwa ga masallatai ga masu shayi har dare, akwai sarkin Hausawa da za a iya zuwa wajensa idan wata magana ta taso, babban asibiti yana Ebute, motar bas ta BRT kuma tun 2015 take zuwa har garejin Ikorodu ta kan Mile 12 ɗinku, mota ɗaya ce ba canji. Ba zan ce muku araha ne kamar Imota ba amma kuɗin rabin fuloti a Agege ina ganin zai iya samo muku abin da ya fi shi faɗi a nan idan an bi a hankali ba ta hannun dillalai biyar ba. Sai dai gaskiya ga dattijon Agege nan ma baƙunta ce, ba zan ɓoye ba, amma baƙunta cikin masu jin yarenka daban take.

Abu ɗaya da ban ga kowa ya taɓo ba, maƙabarta. Ba fata nake ba amma gidan tsofaffi kuke magana. Duk inda za ku zaɓa ku fara sanin ina ake kai Musulmi a yankin, nawa ake biya, wa zai yi wanka wa zai yi sallah, don a Legas wurin binnewa ba kamar gida bane da za a ɗauka a kafaɗa a taka. Kar a zo ana neman mota da gawa tun safe har la'asar.

Maganar mayar da kasuwa Imota kuma, Alhaji ya yi haƙuri, shekara nawa ana faɗa? har yau ina kuke sauke albasa?

Mai_Albasa_Mile12:

Jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci, na karanta duka har sau biyu kuma na tura wa 'yan kwamiti a WhatsApp. Hajiya maganarki ta sa na ji kunya, don sai da na gama karantawa na tuna shekara 6 muna taro a kan mutanen nan ko sau ɗaya ba mu zaunar da su mun tambayesu ba. Jiya bayan la'asar ni da sakatare muka zagaya muka samu 9 daga ciki. Da na kwatanta musu Imota da lambu da kaji ɗaya yace "to ɗana laifin me muka yi?" wani kuma tambayarsa ɗaya ce, wai akwai mai shayi a wurin. Mutum 2 ne suka ce za su je, su ma da na bincika dama manoma ne kafin su zo kuma har yanzu da sauran ƙarfinsu. Baban da ya karye cewa ya yi mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi a barshi inda idan ya yi tari wani zai ji.

Alhaji bai ji daɗi ba gaskiya, yace ɗaki 8 ba zai ɗauki mutum 14 ba kuma haka ne, ko an haɗa bibbiyu sai an ware na mata da na mai kula da su. Mun dai tsaya a kan ranar Lahadi za mu je Sabo mu ga abin da ɗan uwa ya faɗa, Ɗan Sabo zan maka magana ta akwatin sirri. 'Yan Mile 12 daga cikin dattawan ƙila su yarda da Ikorodu, na Agege kam na san ba za su motsa ba, har wani a kwamiti ya kawo shawarar a raba biyu, a kama haya mai tsawo a Agege a sayi ƙarami a Sabo, ban san ko kuɗin zai kai ba.

Malam safiyo tambaya gareka, gidan Agegen mun bincika magada 9 ne, 7 sun yarda, ɗaya tana Kanada ɗaya kuma ance baya ɗaga waya. Takardar da suka nuna mana tsohon rasit ne na dangi da wani zanen awo da ya sha jiki, ba C of O, wato takardar mallakar fili ta gwamnati. A haka lauya zai iya cewa mu ci gaba ko sai dukkansu sun sa hannu? don dillalin yana ta damuna wai akwai wani mai son ya rushe ya yi shaguna kuma ya bamu zuwa ƙarshen wata.